Kwamfutata tana duba disk kullum in na kunna ta, a goge ko da sauran gyara?

Sakatare_Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Masana a taimaka don Allah. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a nan Zango. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, Dell OptiPlex, tsohuwa, Windows 7 ne a kanta, disk dur ɗinta 250 Go. Tun bayan babbar salla duk lokacin da na kunna ta sai baƙin allo ya fito, ta yi ta ƙirga lambobi wai tana duba disk, kafin ta yarda ta shiga. Yanzu abin ya ci gaba. Ina tsakiyar bugu a Word sai ta daskare, ƴar fitilar nan ta gaba ta kama ta ƙi mutuwa, sai na jira ta gama shan iskarta. Jiya kuma fayil biyu suka ƙi buɗewa, ɗaya memuwar ɗin wata ɗalibar jami'a ce, wato kundin kammala karatunta, da na buga mata daga rubutun hannu, sutanas ɗinta, wato ranar kare aikin a gaban malamai, ya matso. Da na so in kwafe shi zuwa kile (filashin USB) sai ta rubuto mini "Erreur de données, contrôle de redondance cyclique". Na kai wa wani mai gyara ya ce in kawo jaka 5 ya yi mata formataj, wato ya goge disk ɗin kaf, magana ta ƙare. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Aikin mutane ne fal a ciki.

Ɗan_Birni227:
Wa alaikumus salam. Birus ne malam. Kilen ɗalibai ba abin da ba su kwasowa. Bari ya goge, ka huta.

Mushe_Info:
Ɗan_Birni, a'a. Birus ɗin kile ɓoye fayil yake ya bar maka rakursi, ba ya kawo wannan saƙon. Saƙon da Sakatare ya gani ma'anarsa kwamfuta ta je karanta wani wuri a kan faifan disk ɗin, abin da ta karanto bai yi daidai da abin da aka rubuta ba. Sakatare, abu ɗaya nake roƙonka kafin komai: kar ka bari kowa ya yi formataj, kuma ka daina aiki a kanta daga yau. Duk awar da ta yi tana juyi, in dai disk ɗin ne ke mutuwa, ƙara cin kanta take. A kwashe kayan mutane tukuna, gyara ya biyo baya.

Hajiya_Bureautique:
Wallahi gaskiyar Mushe. Ni an taɓa goge mini tawa haka, mai gyaran ya ce "komai na nan Hajiya", ashe abin da ke kan Bureau kaɗai ya kwafe. Takardun shekara da shekaru suka tafi.

Injiniya_Sabongari:
Abu mai sauƙi kuke tsawaitawa. Sakatare, buɗe cmd da ikon administirata, ka rubuta chkdsk C: /r ka danna Entrée. Za ta ce ba ta iya yi yanzu tunda ana amfani da disk ɗin, ta tambaye ka ko ta yi in an sake kunnawa. Ka amsa da O in Windows ɗinka na Faransanci ne, Y in na Ingilishi ne. Ka sake kunna ta ka je ka sha shayi. Mataki 5 take bi, na 4 da na 5 su ne masu daɗewa, kar ka kashe ko ta tsaya a lamba ɗaya awa guda. Na gyara da yawa da wannan.

Mushe_Info:
Injiniya, ban ƙi chkdsk ba, lokacinta ne nake jayayya da shi. Ka ɗauki disk kamar shagon ɗan tireda: akwai kantoci da kaya a kai, akwai kuma littafin da aka rubuta wane kaya yake wane kanta. chkdsk /f littafin take gyarawa. In an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, littafi ya rikice, ita ce maganinsa, kuma tana gamawa da wuri. Amma in kantar ce gara ta ci, gyaran littafi ba ya mayar da katako. Abin da /r ke yi shi ne ta bi disk ɗin kaf, sekta bayan sekta, wato ƴan guraben da ake ajiye bayani a kan faifan, duk inda ya ƙi karantuwa ta yi ta naci, in ta gaza ta sa wa wurin alama kar a ƙara ajiya a nan. Wannan nacin ne matsalar. Disk mai ciwo za ka sa shi aikin awoyi ba hutu, wani a nan yake cikawa. Sannan chkdsk ba ruwanta da memuwar ɗin yarinyar nan, damuwarta littafi ya daidaita. Fayil ɗin da ta ga ya karye tana iya yanke shi ta zuba guntayen a wani dosiye mai suna found.000, ka tarar da file0000.chk da ƴan uwansa, ba suna ba komai. To a kwafe tukuna, in ya so a yi /r ɗin har sau goma.

Injiniya_Sabongari:
To ai tana yin chkdsk ɗin da kanta kullum da safe, inji shi. Me ya rage?

Mushe_Info:
Wanda take yi da safe mai mataki 3 ne, na littafi kaɗai. Kuma yin sa kullum shi kansa alama ce. Windows na sa wa disk tambarin "da datti" in ba a kashe shi daidai ba, in ta duba ta gyara sai ta cire. In tambarin na dawowa kullum, ko dai wuta ce ke yanke ta kullum, ko kuma wani wuri ne ya ƙi rubutuwa.

Sakatare_Zango:
Wutar kam ana yi mana ita. Ondilar ɗina, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, batirinsa ya mutu tuntuni, ana ɗaukewa kwamfuta ke mutuwa tare da fanka.

Mai_Sola_Mirya:
To ka ga tushen abin. Batirin ƙaramin ondilar 12V 7Ah ne galibi, ana samu a kasuwar Dole, canza shi bai fi kwance sukurori huɗu ba. Mutane na sayen ondilar su manta batirin ciki shekara biyu zuwa uku yake yi, a zafinmu ma bai kai nan ba. Kuma in kana tada gurub, wato janareta, ka jira ya daidaita kafin ka kunna kwamfuta.

Bakano_a_Damagaram:
Damagarawa kenan. Kwamfutar da ta yi zamani da Sarki Tanimu ake taruwa ana yi wa addu'a. Ku kawo ta Kano a saya a kilo, mu ba ku sabuwa bashi.

Ɗan_Birni227:
Ji bawanmu. Ai duk tsofaffin nan daga wajenku ake lodo mana su, ku goge ƙura ku ce "sabuwar shigowa". In ka ƙara magana mu tada Kuran Daga ya sake biyo ku.

Bakano_a_Damagaram:
Ku da muka kashe muku wuta a 2023 kuka koma fitilar aci-balbal?

Admin_Kanya:
Wasan Kanawa da Damagarawa ba a hana shi a nan, amma kar ya gangara siyasa. A koma kan disk ɗin bawan Allah.

Hadiza_Reseaux:
Ina wuninku. Kafin a yanke wa disk hukunci a tambaye shi da kansa mana. Kowane disk na ajiye bayanin lafiyarsa, shi ake kira SMART. Yaya Sakatare, ka sauke CrystalDiskInfo a wata kwamfutar, kyauta ce, akwai wadda ba sai an girka ba, ka sa a kile ka buɗe. Shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuma sai haƙuri. Layi huɗu za ka duba mana:
05, sektocin da suka mutu disk ya musanya su da na ajiya
C5, waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za a yi da su
C6, waɗanda suka gagara
C7, kurakuran da ke faruwa a hanya tsakanin disk da katin uwa
In C7 ne kaɗai ya hau, disk ɗinka ƙalau yake, wayar SATA ce ta saki ko ta yi datti. Na sha ganin haka a ofis, a canza ƴar jar wayar nan shi kenan. Lambar da ke can ƙarshen layi ta dama ita ce ainihin ƙirgen, amma a tsarin hex take fitowa, ka ɗauko hoto kawai mu karanta maka.

Baba_Mai_Rediyo:
Ƴata Hadiza ta yi magana. Ni tun zamanin disk mai faffaɗar waya nake wannan aiki, mai fil 40, wanda sai ka sa jampa ka ce wannan ne maigida wannan ne yaro. Rabin abin da ake kawo mini a ce disk ya mutu, ba disk ba ne. Ɗana, cire wayar wuta, buɗe murfin gefe ka leƙa. Ka dubi kondansatocin da ke kewaye da furosesa, ƴan gwangwanayen nan masu tsaye. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wani ya kumbura ko ya fitar da abu ruwan ƙasa kamar tsatsa, to wutar da ke isa ga kayan ba tsabtatacciya ba ce. Haka cikin akwatin alimantasiyon, amma shi kar ka buɗe da kanka, yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango. Disk na cin 12V don motar da ke juya faifai, 5V don katinsa. In 12 ɗin ta yi ƙasa za ka ji yana tashi yana faɗuwa, ka rantse ya mutu. Sannan ƙura. Bayan hunturu in ka buɗe kwamfutar garin nan abin da za ka tarar a fanka sai ka yi mamaki, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40 a inuwa. Ka sa kunnenka jikin akwatin kuma. In kana jin ƙas, ƙas, ƙas a jere kamar agogo, kashe ta nan take.

Sakatare_Zango:
Na gode Baba. Na buɗe. Ƙura kam ba a magana, na busa da abin hura balan-balan na yara. Gwangwanayen duk lafiya a idona. Ƙas ƙas ɗin babu, sai dai in ta daskare ina jin wani ɗan sauti zzt, zzt, yana maimaituwa. Hadiza, na yi abin da kika ce, rawaya ya fito, an rubuta Prudence. Layin 05 da C5 ne ke da ɗigon rawaya, C7 sifili ne duk. A sama ta nuna zafi 49.

Hadiza_Reseaux:
To Yaya, waya ta fita daga zargi. Faifan ne da kansa. Sautin da kake ji shi ne kan karatu yana komawa wuri ɗaya yana sake gwadawa. C5 ɗin nan su ne suka riƙe fayilolinka biyu. 49 kuma ya yi yawa ga disk mai wannan shekaru, ka bar murfin a buɗe ka juya masa fanka har ka gama kwafa.

Sojan_Gona:
Ku sa shi a leda ku jefa firiza ya kwana. Wallahi wani abokina ya yi, da safe ya tashi.

Baba_Mai_Rediyo:
Kar ka kuskura. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin iskar ɗaki, raɓa ce za ta kwanta masa ciki da waje. Faifan yana juyi sau 7200 a minti, kan karatun kuma yana shawagi a kansa da tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa. Don haka ne ma nake hana yara kwance murfin disk "don a gani". Wanda aka buɗe a shago a garin nan, an yi masa salla.

Sojan_Gona:
Ni dai na ga wanda ya tashi.

Linux_Tanut:
Tunda an tabbatar faifan ne, ga yadda zan yi in ni ne. Kar ka kwafa daga cikin Windows ɗin da ke kan disk ɗin, don shi kansa Windows karatu da rubutu yake a kai ba tsayawa, kuma in ya ci karo da fayil ɗaya mai matsala sai ya tsaya cak. Ka sa SystemRescue ko Lubuntu a kile, su Linux ne da ke iya tada kwamfuta ba tare da Windows ba, ka kunna Dell ɗin kana danna F12, ka zaɓi kilen. Ka fara da abin da ya fi tsada: Documents, Bureau, dosiyen abokan ciniki. Hotunan biki da waƙoƙi su jira.
In kana da wani disk da ya kai 250 Go ko ya fi, abin da ya fi shi ne ddrescue, manhajar Linux mai kwafe disk gaba ɗaya zuwa wani. Ita dabararta daban ce, tana kwashe duk wuraren da ke karantuwa da sauri, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo musu. Tana kuma rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, ko an ɗauke wuta ka ci gaba daga nan.
ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.log
Amma don girman Allah ka tabbatar wane ne sda wane ne sdb kafin ka danna, ka rubuta lsblk ka duba girmansu. Na farko shi ne mai ciwo, na biyu shi ne wanda za a rubuta a kai. In ka juya su, ka shafe aikinka da hannunka, ba mai dawo da shi. Ɗan fayil ɗin taswira kuma a kan kile za ka ajiye shi.

Hajiya_Bureautique:
Wannan ai sai ku. Mutumin da ke buga takardu za a ce ya rubuta sda da sdb? Sakatare, ka cire disk ɗin ka kai wa wanda ke da adafta ta USB, a jona shi a wata kwamfutar a matsayin na biyu, ka zauna a wurin kana gani ana kwafa. Kar ka bar shi ka tafi.

Mushe_Info:
Hanyar Hajiya ma ta yi, da sharaɗi biyu. In an jona shi Windows ta ce "sai an yi formataj kafin a yi amfani da shi", a danna Annuler. In ta ce ta duba ta gyara, nan ma a ƙi. Kuma disk ɗin tebur babba ne, adaftar sai mai wutarta daban, USB kaɗai ba ta iya juya shi.

Ɗalibi_UAS:
Don Allah a gafarce ni in shigo da tawa. Ta babana HP ce, ita kullum sai ta ce a danna F1, kwanan wata ya koma baya shekaru, jiya kuma shuɗin allo ta kawo da 0x0000007B. Ita ma disk ɗin ne?

Injiniya_Sabongari:
Taka mai arha ce ƙanena. Pil ɗin katin uwa ne ya ƙare, CR2032, mai kama da kwabo, 3V, masu gyaran agogo ma na sayarwa. In ya mutu BIOS na manta saitinsa, har da yanayin SATA. Windows ɗin da aka girka a AHCI in ya farka ya tarar da IDE, ko akasin haka, wannan lambar yake bayarwa. Canza pil, shiga BIOS da F10, gyara kwanan wata, juya yanayin SATA zuwa ɗayan ka gwada.

Ɗalibi_UAS:
Allah ya saka da alheri Yaya.

Sakatare_Zango:
Ga labari. Na bi shawarar Hajiya, wani ƙanen matata na da adaftar. Kusan komai ya fito, alhamdu lillahi. Fayil biyun nan dai sun ƙi, da wasu hotuna da ban damu da su ba. Ɗayan takardar neman aiki ce, zan sake bugawa. Memuwar ɗin ne ya tsaya mini a wuya. Akwai wanda na taɓa tura mata a WhatsApp amma babi na ƙarshe da gyaran da malaminta ya yi ba su ciki.

Linux_Tanut:
Nan ne ddrescue za ta yi amfani, ba tare da -n ba, ka ƙara -r3 ta sake gwada wuraren da suka ƙi sau uku. Wani sa'in sektar da ta ƙi sau biyu tana bayarwa a na uku. Sekta ɗaya bayit 512 ce kacal, amma docx a dunƙule yake kamar zip, ɗan wuri kaɗan in ya ɓace duka sai ya ƙi buɗewa. In an samu kwafin ko da raunin, ka canza masa suna zuwa .zip ka buɗe da 7-Zip, ka nemi document.xml cikin dosiyen word. Rubutun na nan, ko ba duka ba.

Hadiza_Reseaux:
Ka duba kuma ko Word ta bar kwafin ceto, fayil mai ƙarewa da .asd, cikin AppData, Roaming, Microsoft, Word. Dosiyen a ɓoye yake sai ka nuna ɓoyayyu. Tunda wuta ta sha yanke ka kana bugu, da wuya a rasa wani abu. PhotoRec ma na tono tsofaffin kwafin da aka goge, sai dai ba ta dawo da sunaye, kuma a kan kwafin disk ɗin za a sa ta, ba a kan mai ciwon ba.

Injiniya_Sabongari:
To yanzu da aka kwafe, Mushe, ka yarda a yi chkdsk /r ɗin nawa? Ta sa wa wuraren alama ya ci gaba da aikinsa. Ba kowa ke da kuɗin sabon disk ba. Akwai wadda na yi wa haka tana nan tana aiki a wani kanti har yau.

Mushe_Info:
Bayan an gama da memuwar, na yarda. Kuma gaskiyarka, akwai disk ɗin da ke tsayawa a ƴan sektocin da ya rasa ya yi shekaru. Yadda za a gane shi ne a rubuta lambar 05 da C5 yau, a sake dubawa bayan sati. In ba su motsa ba, a lallaɓa. In suna hawa, ba sauran magana. Amma ni ba zan ɗora aikin da ake biyana a kan disk mai rawaya ba. Ƙaramin SSD na SATA, wato disk ɗin zamani, yana shiga OptiPlex ɗin nan daidai, wayoyin ɗaya ne, ba abin da ke juyi a cikinsa, kuma Windows 7 ta san shi. Zai ga kamar an canza masa kwamfuta.

Baba_Mai_Rediyo:
SSD na da kyau, sai dai shi ba ya yin gargaɗi. Wannan tsohon ya yi ta yi maka zzt zzt wata da watanni yana ba ka dama. Wancan ka kwana lafiya ka tashi babu shi. Ga na jabu sun cika kasuwa. Kowanne ka saya, ɗana, kwafi biyu.

Bakano_a_Damagaram:
Windows 7 ɗin ma Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, kuna nan kuna jona masa kilen kowa da kowa.

Hajiya_Bureautique:
Firintata ba ta da direba sai na 7. Ka saya mini sabuwa in canza.

Mai_Sola_Mirya:
Duk wanda za a sa, SSD ne ko tsohon, in bai canza batirin ondilar ba nan da wata uku za mu sake wannan zaman.

Sakatare_Zango:
Batirin na saya yau Malam. An samu .asd guda ɗaya, babi na ƙarshe na ciki amma ba gyaran malamin, yarinyar ta ce takardar da ya yi jan biro a kai tana hannunta, gobe za ta kawo. Wani ya yi mini tayin disk na hannu 500 Go, ya ce daga wata kwamfutar ofis aka cire. Hadiza, in na jona shi CrystalDiskInfo ta nuna shuɗi, ya isa in saya, ko akwai wani layin da zan duba?

Hadiza_Reseaux:
Duba awoyin da ya yi yana aiki, suna sama ta dama, layi na 09 ne a jerin. 05, C5 da C6 su zama sifili. Ka turo hoton kafin ka ba shi kuɗi.

Injiniya_Sabongari:
Tsohon kuma kar ka yar, ka ba ni in yi masa /r ɗin mu ga wa ke da gaskiya tsakanina da Mushe.